Gwiwar Hagu ta Uwar Balfreja

Litinin, 1 ga Yuni, 1187

Na iso Balfreja da la'asar a kan jakin gidan zuhudunmu, ƙuguna kamar zai ɓalle. Shekara talatin da takwas rabona da kwana a garin nan, tun ina ɗan sha biyu. Gidajen na nan yadda na bar su, sai dai sun ƙanƙance.

Shugabanmu ne ya turo ni in sabunta fentin siffar Uwa Maryamu da ke cocin garin, kafin idinta na sha biyar ga Agusta, ranar da ake zaga gonaki da ita. Fada Astorg, limamin cocin, ya ba ni rumfar da yake ajiye itacen wuta, wai a nan zan yi aiki. Ni Gausbert, da na yi wa waliyyai fuska a coci goma sha ɗaya! To, shi ke nan.

Rubutun nan ina yin sa ne a kan guntayen fatar da marubutanmu suka yanke suka yar, waɗanda nake dafawa in sami danƙo. In aiki ya ƙare su ma tukunya za su shiga.

Talata, 2 ga Yuni

Na je gaida Yaya Ermengarda. Shekara shida ke nan da idonta ya rufe. Ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Auta, ka yi kumatu. Ashe azumin naku na baki ne." Na ce ciwon haƙori ne. Ta ce haƙorin ya yi ƙoƙari, ya kumbura har ciki.

Ba ta yi maganar Inna ba, ni ma ban yi ba. Shekara goma sha tara da rasuwarta. Lokacin ina can arewa ina yi wa wani waliyyi gemu, saƙo ya same ni, na ce bari fenti ya bushe tukuna.

'Yarta Alazais na da ciki, na uku. Biyun farko ba su zo da rai ba. Mijinta yana kan dutse da shanu, sai kaka zai sauko. Yaya ta ɗau alkawari cewa kowace safiya za ta ɗora hannu a gwiwar hagu ta Uwa, kamar yadda matan garin ke yi tun kaka da kakanni, har ranar da yarinyar za ta sauka. Na gaya mata daga gobe ba mai shiga wurin Uwa sai ni, don ƙura da yatsun mutane su ne abokan gabar aikina. Ta ce, "Fuska dai ka yi mata yadda ka ga dama, ni ba gani nake ba. Ka dawo mana da ita kafin yarinyar nan ta durƙusa."

Miyar kabeji, baƙin burodi da cuku. Cukunta har yanzu ya fi na gidan zuhudu, amma ba zan faɗa mata ba.

Laraba, 3 ga Yuni

Maza huɗu suka kawo Uwa rumfa, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da mara lafiya. Na kore su na rufe ƙofa.

Tana zaune a kan kujerarta, Ɗa a cinya, manyan hannayen nan nata a gefensa. Wanda ya sassaƙa ta ya san aikinsa, wallahi ya sani. Ya rarake bayanta don kada katakon ya tsage, ya yi 'yar ƙofa inda ake ajiye ƙyallen tsarki. Amma me mutanen nan suka yi mata! Hayaƙin kyandir ya mai da fuskar baƙi ƙirin. Tsutsa ta ci ƙafar kujera. Ita kuwa gwiwar hagu, ba fenti ba alli, tafukan mata sun cinye katakon har ya yi rami, yana ta ƙyalli. A bakin ramin akwai ragowar tsohon alli, alamar wani ya taɓa cikewa can baya, aikinsa ya zube. Ragon banza, ko haɗin danƙo bai iya ba.

Asabar, 6 ga Yuni

Wanke hayaƙi da ruwan toka, kaɗan kaɗan. A ƙarƙashin baƙin akwai kumatu masu ja-ja. Na jima ina kallon ta.

Litinin, 8 ga Yuni

Kullum da safe ina jin sandar Yaya, ƙwas, ƙwas, har bakin rumfa. Fada Astorg ya ce mata Allah niyya yake dubawa, don haka ta riƙa ɗora hannu a ƙyauren, an karɓa. Sai ta ɗora, ta yi addu'arta, ta juya. Yau ta ɗaga murya ta ce, "Tana lafiya?" Na ce lafiya lau, tana wanka. Ta ce in yi mata a hankali, ba jakina ba ce.

Juma'a, 19 ga Yuni

Na ɗura mai a ramukan tsutsa na toshe. Na manna siririn ƙyallen lilin a kan kowace tsaga. Kwana biyu ina dafa fata, unguwa duk ta ɗauki wari.

Alazais ce ke kawo mini ƙwai, don da gwaiduwa nake kwaɓa launi. Ta zauna a kan kututture a waje, ta toshe hanci. "Kawu, don Allah takalman Fada kake dafawa?" Na ce da wannan warin ake yin fuskar da take durƙusa wa. Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Dariyar Inna ce sak, na rasa inda zan sa idona.

Alhamis, 25 ga Yuni

Gwiwa. Maiƙon hannayen mutane ya shiga katakon, danƙo ya ƙi kamawa. Da na so in karce ramin da wuƙa don ya sami abin riƙewa, to wuƙar tana can wajen maƙeri, ni kuma ba na son jira. Sai na shimfiɗa lilin da danƙo mai kauri, na fara cikawa da alli a kansa.

Asabar, 4 ga Yuli

Shafin alli na bakwai. Na goge da tsumma mai laima har ya yi sumul. Yanzu gwiwar hagu da ta dama ba ka bambanta su. Nawa ba zai zube ba, ko bayan shekara ɗari.

Laraba, 15 ga Yuli

Ja a rigar ciki, shuɗi a mayafi. Shuɗin nan daga nesa aka kawo dutsensa, Shugaba ya danƙa mini shi a 'yar jaka yana ja mini kunne. In ka niƙa shi da yawa sai ya koɗe, in ka bar shi da tsakuwa ya ƙi kwanciya. Na same shi daidai. A kan gwiwa na yi ninkin mayafi guda uku da bakin zinariya, ban taɓa yin ninki mai kyau irin wannan ba.

Alazais ta kawo ƙwai ba ta yi tsiya ba yau. Ƙafafunta sun kumbura. Ta ce ta ƙofa, "Kawu, tsoro nake ji." Ni da na shekara talatin da takwas ina karanta addu'o'i, ba ko ɗaya da ta zo bakina. Na ce mata ƙwan jiya ƙanana ne. Kai, Gausbert!

Juma'a, 31 ga Yuli

Idanu. Su ake yi a ƙarshe, kuma ba na yin su sai da azumi. Da na ja baya sai ga ta tana kallo ta saman kaina, can nesa, yadda ya kamata. An gama.

Litinin, 3 ga Agusta

Ban san ta inda zan fara ba.

Na ce Yaya ce za ta fara shiga, kafin Fada, kafin kowa. Na ɗauka karamci nake yi mata. Na kama hannunta na shigo da ita, ta jingine sanda, ta durƙusa. Ta laluba ƙafar Uwa, ta bi mayafi ta hau, ta kai gwiwa. Hannun ya zame. Ta sake ɗorawa, ya sake zamewa. Ta koma gwiwar dama, ta dawo.

"Ina take?"

Na ce ga ta nan a hannunki.

"Auta, me ka yi?"

Na ce gyara na yi, ramin da kuka yi mata na cike. Har da bayanin shafi bakwai na fara yi mata, ni wawa.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce hannun Kaka yana cikin ramin nan, da na Inna, da nata. Ta ce ina shekara huɗu zazzaɓi ya kusa tafiya da ni, Inna ta ɗaga ni ta sa tafina a ciki. Ta ce ana sauran kwana biyu Inna ta rasu sai da aka ɗauko ta a kan ƙyaure aka kawo ta coci, ta sa hannu a wurin tana roƙon a kawo mata autanta ta gan shi. "Ba ka zo ba. Ban taɓa yi maka gori ba. Yanzu ka zo ka shafe ta da alli."

Ta ce a ba ta sandarta. A bakin ƙofa ta ce, "Wannan ba ita ba ce. Ka kai wa Shugabanku abarsa."

Talata, 4 ga Agusta

Ba ƙarar sanda yau.

Laraba, 5 ga Agusta

An turo ni in gyara, na gyara. Laifi ne? Uwar Almasihu tana sama, ba a cikin ramin katako take ba, kowane mai karatu ya san haka. Wata biyu ina shaƙar warin fata saboda su. Da ban zo ba da tsutsa ta cinye musu ita ɗungum, sai su ɗora hannu a kan gari. Raina a ɓace yake, ƙwarai kuwa.

Fada Astorg ya shigo ya gani, ya riƙe baki. Ya ce ko a babban birni ba a da irinta, kuma Shugaba da kansa zai zo idi ya ga aikin. Da ya kai ga gwiwa sai ya yi tari, ya ce, "Wannan ma ka yi." Na ce na yi. Ya ce to, to, ya fita yana sosa ƙeya.

Asabar, 8 ga Agusta

Kwana biyar. Wasu mata sun leƙo ta taga, sun yaba fuska, sun yi ƙus-ƙus, sun tafi. Ba wadda ta gaishe ni.

Litinin, 10 ga Agusta

Alazais ta zo ba ƙwai. Da ƙyar ta zauna. Ta ce Yaya ba ta cin abinci sai ruwa, tana zaune a bakin murhu, tana cewa alkawarinta ya karye a tsakiya, ɗan cikin nan ma zai bi 'yan'uwansa. A gaban yarinyar take faɗi!

Na fara yi mata wa'azin da na yi wa kaina ran Laraba. Ta katse ni. "Kawu, ni ban sani ba ko gwiwa tana ceto. Sau biyu innata ta taɓa ta, sau biyu na binne. Amma ranar da abin zai zo ba ni da kowa sai ita, kuma in ta shigo ɗakin tana ganin an riga an rasa ɗan, ni ma haka zan gani. Ba zan iya ni kaɗai ba."

Na ce mata ninkin nan kwana shida ya ci mini. Ta ce, "Na sani, Kawu. Yana da kyau." Ta dafa bango ta miƙe.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 11 ga Agusta

Bayan addu'ar safe na ɗau wuƙa. Ba don an fi ni gaskiya ba, a rubuta wannan.

Na ce nawa ba zai zube ba, aikuwa ya ƙi. Tun hantsi nake kankara har rana ta karkata. Shuɗin Shugaba yana zuba a ƙasa, ina jin kamar fatata nake fiɗa. Na jiƙa lilin da ruwan ɗumi, ya ɗago gaba ɗaya. Ramin yana nan lafiya, ko ƙwarzane babu. Allah ya saka wa maƙerin nan da ya riƙe mini wuƙa ran nan.

Ina gyara bakin ramin sai na lura da tsohon allin da na zagi mai shi. Gefensa a miƙe yake, da sawun wuƙa ƙanana a jere, irin nawa na yau. Ashe ba zubewa ya yi ba. Shi ma cikewa ya yi, shi ma ya zo ya cire da hannunsa. Ko wace ce ta sa shi? Allah ya jiƙanka, ɗan'uwana, ka yafe mini ragon da na kira ka.

Danƙo ya dusashe ƙyallin, na murza da ɗan mai. Na sa tafina don in ji ko akwai sauran alli. Ya zauna. Babban yatsa yana da wurinsa, tudun hannu yana da nasa. Na ɗan jima, don dole a tabbatar.

Laraba, 12 ga Agusta

Na je da kaina. Na ce, "Yaya, taso." Ta ce ina? Na ce ki taso dai. Ta rame, hannunta a nawa ba nauyi.

Ta durƙusa, ta bi mayafi ta hau. Hannun ya faɗa wurinsa ya tsaya. Ban san tsawon lokacin da ta yi ba. Kafaɗunta na motsi, ni kuma na juya ina ta shirya tukwanen da na riga na shirya.

Da ta ɗago sai ta shinshina tafinta ta ce, "Ka sa ta warin takalmi." Na ce zai fita. Ta ce, "Ka ci abinci?" Na ce a'a. Ta ce ita ma, in zo mu je, akwai wake.

Asabar, 15 ga Agusta

Idi. An ɗauko ta a kafaɗa, an zaga gonakin hatsi da bakin rafi, ƙararrawa na tashi. Shuɗin ya sha rana, har na ji wani tsoho yana cewa Uwa ta koma budurwa. Duk inda aka sauke ta mata sai su yi layi a gefen hagu.

Shugaba ya zagaya ta sau biyu. Ya yaba idanu. Sannan ya nuna gwiwa da baki ya ce, "Ɗan'uwa Gausbert, shuɗin ne ya ƙare?" Na ce alli ne ya ƙi kama wurin, ranka ya daɗe. Ya ce ashe tsufa ya fara kama ni, a da ba katakon da ke gagara ta. Na haɗiye. Ya yi mini ɗaci, ba zan ɓoye ba.

Da yamma na je na furta wa Fada Astorg ƙaryar da na yi. Ya saurara, ya yi tarin nan nasa, ya ce kaffarata ita ce in faskara wa Yaya itacen da zai kai ta ƙarshen sanyi. Ina zargin sun haɗa baki.

Alhamis, 20 ga Agusta

Naƙuda ta fara da hantsi. An kore ni waje, na kama faskare. Ina jin muryar Yaya ta bango, a tsaye take cak, tana cewa, "Yunƙura, 'yar nan, ina nan, na taɓa ta da safe, yunƙura!" Na faskara itacen da ya kamata ya ɗauke ni mako.

Wajen la'asar aka yi shiru. Na ajiye gatari.

Sai kuka. Ƙarami, mai tsiwa.

Mace ce. Uwa da 'ya lafiya. Ungozomar ta iya aikinta, abin da zan ce ke nan.

Lahadi, 23 ga Agusta

An yi mata baftisma, an sa mata sunan Inna. Da aka gama Yaya ta karɓe ta, ta ce a kai ta gaban Uwa, ta buɗe ɗan tafin nan ta sa a ramin. Bai cika ko wurin babban yatsa ba. Hayaƙin kyandir ya shiga mini ido, sai na fita.

Talata, 8 ga Satumba

Ya kamata in koma tun makonni biyu da suka wuce. Jakin gidan zuhudu na can bayan gidan Yaya yana ta ƙiba. Na aika wa Shugaba cewa bakin allin da ke zagaye da gwiwa yana bukatar a riƙa duba shi kowace safiya har sanyi ya shiga, kada ya ɓamɓare. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Guntayen fatar nan ban dafa su ba. Danƙon da ya rage ya isa.

Yau sai da mata huɗu suka gama sannan na sa tafi na duba gwiwar. Ina cikin dubawa sai na ji ƙwas a bayana, Yaya ta ce, "Auta, ka gama? Mutane na jira." Na ce yaya aka yi kika gane ni? Ta ce warin takalmi. Na ce mata aiki nake, dubawa kawai nake yi.

Ta ce, "I, na sani. Inna ma haka take dubawa. Matsa."